Vespar Baba da Tsattsewar Maƙwabcina

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na sauko zubar da shara a bayan gidan da nake haya a garin Erfurt na ƙasar Jamus, sai wani ƙauri ya bugi hancina. Cak na tsaya da leda a hannu. Hayaƙin fetur ne da aka haɗa da baƙin mai, wanda duk ɗan Kano da ya yi wayo kafin zuwan babur ɗin Boxer ya sani. Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan, babu abin da ya taɓa mayar da ni ƙofar gidanmu a Gwammaja kamarsa.

A bayan ginin namu akwai jerin garejoji tun na zamanin Jamus ta Gabas, ƙananan ɗakunan siminti manne da juna, kowanne da ƙofar katako mai koɗaɗɗen fenti. A ɗaya daga ciki na tarar da maƙwabcina, dattijo mai wajen shekara saba'in, shi da jikansa sun durƙusa gaban wani shuɗin babur. An shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa, an jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, kowane noti na cikin murfin kwalba, kafireta a warwatse bisa jarida. Sunan babur ɗin Schwalbe, wato tsattsewa. Kamfanin Simson na garin Suhl, nan cikin jihar Thüringen, shi ya ƙera su daga 1964 zuwa 1986, sama da miliyan ɗaya. Na dattijon na 1979 ne, kuma har gobe takardar sayensa na cikin leda a jikin bango.

Kamfanin ya durƙushe tuni, amma baburan ba su mutu ba. Har yanzu ana buga sababbin kayan gyaransu, duk shekara matasa na yin cincirindo a garin Zwickau don nuna nasu. Doka ma ta ɗaure musu gindi: ƙaramin babur irin wannan a Jamus ba ya wuce gudun kilomita 45 a awa, amma yarjejeniyar haɗewar ƙasar ta 1990 ta bar wa tsofaffin na Gabas 60 ɗinsu. Shi ya sa yaro ɗan shekara 15 ya fi son na kakansa a kan sabo fil daga kanti. Injin kuwa ba shi da wani sirri. Kowane juyi ɗaya fulogi ya kunna wuta, baƙin man na ƙonewa tare da fetur, kashi ɗaya cikin hamsin, daga nan shuɗin hayaƙin da wannan kuka mai tsini suke fitowa. Yaro mai sifana uku zai iya kwance shi ya ɗaure.

Bakina ne ya ja mini. Na ce ai mahaifina ma yana da Vespa, irin injin nan ne. Dattijon ya miƙe yana goge hannu, ido na ƙyalli, ya tambaye ni ta wace shekara ce, tana tashi har yanzu? Na ce tana nan. Ban san shekarar ba, ban kuma san ko tana nan ɗin ba.

Da daddare na kira Yaya. Dariya ya fara yi. "Wace Vespa kuma? Ai tun bayan arba'in ɗin Baba 'yan gwangwan suka ɗauke ta, ta tare soro." A kilo aka auna ta. Ya ce bai ma tuna nawa aka ba shi ba.

Ba sai na gaya muku mece ce Vespa a wurin iyayenmu ba. Malamin makaranta, babbar riga a tattare bisa cinya, hula zanna, giya a hannun hagu, da safe a karkata ta gefe kafin a buga kik. Ni ne mai riƙe gwangwanin auna baƙin mai, ni ne mai tsayawa a gaba ina kama kan babur har makarantar allo. Kafin ya shawo kwanar layinmu Hajiya ta san ya dawo.

Na san abin da za a ce, kuma da gaskiya a ciki. Bajamushe ya ƙoshi ne, yana da gareji da fansho da ranar hutu. Mu babur jakin aiki ne a wurinmu. Wanda ya shaƙi hayaƙin Jincheng a danjar Bata da azahar, kafin a hana acaba a Kano a farkon 2013, ba zai kira shi turare ba. Boxer ta fi sauƙin shan mai, ba wanda ya yi wauta da ya sauya. Kuma kada wani ya ce mini Turawa sun fi mu iya gyara. Bakaniken bakin titi a Fagge da waya da guntun roba zai tayar da injin da nan za a ce ya mutu.

Amma ai nan ɗin ne abin ya fi ciwo. Hannun muna da shi, ƙimar ce ba mu ba abin ba. Mutanen Jamus ta Gabas ba masu kuɗi ba ne lokacin da suka riƙe baburan nan, rashi ne ya koya musu gyara, kamar mu. Da hali ya samu wasu sun watsar, amma da yawa sun ajiye. Mu kuwa ina Suzuki da Yamaha da suka cika titunanmu? Ina mobilet ɗin Maraɗi da Zinder? Tsohon abu a wurinmu shaidar talauci ce, sai mu yi maza mu kawar kada maƙwabta su gani. Haka muke yi wa ginin ƙasa, haka muka zuba ido ana cinye badala.

Na yi wa Yaya faɗa fiye da kima, har ya yi shiru. Can ya ce, "Kai da ba ka zo jana'izar ba, ba ka zo arba'in ba, yanzu ƙarfe ne ya dame ka?" Shi ya yi jinyar Baba wata takwas, ni ina nan ina jiran takardun zama. Ban sami abin cewa ba.

Washegari ya turo mini hoto a WhatsApp, ba ko kalma ɗaya. Makullin Vespar ne da zaren fatarsa, a cikin kwallar Hajiya ya same shi. Dattijon maƙwabcina ya ce in zo da hoton babur ɗin ranar Asabar mai zuwa, zai iya gane shekararta daga fitilar gaba. Har yanzu ina tunanin abin da zan ce masa.