Ba kai kaɗai ke baza sirrinka a intanet ba

Jama'ar Maradi, duk sanda aka ce mutum ya rage baza rayuwarsa a Facebook da TikTok, amsar ɗaya ce: "Ai ni na saka da hannuna, me zan ɓoye?" To, naka ka sani. Wanda ƙanenka ya saka ranar suna fa? Da bidiyon da abokin ango ya ɗauka a ƙofar gidanka?

Akwai manhajojin da aikinsu ke nan: su bi shafukan da aka bari a buɗe, su kwashi suna, hoto, lambar waya, wurin aiki da dangi, su haɗa su wuri guda. A 2021 an watsa bayanan masu Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106, har da lambobin wayarsu. Ba a fasa asusun kowa ba, ta hanyar neman aboki da lambar waya aka kwashe su. Kan haka ne hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar yuro miliyan 265 a 2022. A shekarar ce kuma Faransa ta ci Clearview AI tarar yuro miliyan 20, kamfanin da ya tara biliyoyin hotunan fuskoki daga intanet ba da sanin masu su ba. Ko Truecaller da muke yabo, yawancin sunayen da take nunawa daga wayoyin mutane suka fito. Yadda wani ya rubuta ka, haka baƙo zai gan ka.

Bature tallace-tallace da ƴan damfara ne damuwarsa. Mu kuwa mun san abin da ake fama da shi wajen Madarumfa da Gidan Rumji. Me mai neman kuɗin fansa yake biyan infoma ya kawo masa? Gidan wane, motarsa, makarantar yaransa, ranar da ya yi tafiya. Yaron Alhaji ya saka duk wannan kyauta, don a ce masa "ma sha Allah".

Dokar kare bayanan mutane tana nan a Nijar tun 2017, hukumar HAPDP mai kula da wannan ma tana Yamai. Amma wane ɗan kasuwa ne zai tashi daga Mokoyo ya kai ƙarar kamfanin da ke Amurka?

Ni dai a gidana na hana saka hoton yara da kayan makaranta, kuma wanda ya ɗauke ni a wurin biki sai ya tambaye ni kafin ya watsa. Wasu ƴan uwa sun ce girman kai ne. Su yi ta faɗa.