Gas ɗin iyakwandishan ba ya ƙarewa kamar fetur

Kullum zafi ya shigo sai ka ji ana cewa a kira mai gyara ya ƙara wa iyakwandishan gas, wai na bara ya ƙare. Zaton ba abin mamaki ba ne, tunda mun saba da tukunyar gas ɗin girki da ake cikawa. Amma wannan gas ɗin ba a ƙona shi. Zagayawa yake yi a rufaffen bututu tsakanin na'urar ciki da ta waje, shekara da shekaru. In ya ragu, to yoyo ne, galibi a mahaɗar bututu, inda za ka ga maiƙo. A shafa ruwan sabulu, kumfa za ta nuna wurin. A toshe, a zuƙe iska da famfo, sannan a zuba irin gas ɗin da aka rubuta a jikin na'urar, R410A ko R32, bisa awo. Cikawa fiye da ƙima tana wahalar da kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin yana zagayawa da shi.

Sau da yawa ma ƙura ce kawai. Ɗakin da ya daina sanyi bayan hunturu, buɗe murfin na'urar ciki ka duba ragar tace ƙura: ta toshe, iska ba ta wucewa, har ƙanƙara ta kama bututu. Kashe wuta, wanke ta da ruwa, shanya a inuwa. Lokacin ƙura a riƙa yin haka duk mako 2.