Kunun ayar da ya kusa ja mini Hisbah

Tun da na yi ritaya na gano cewa gidana cike yake da ayyukan da ake yi ba bisa ƙa'ida ba, kuma shekara da shekaru babu mai duba su. Hajiya ba ta yarda da wannan ra'ayi ba. A ganinta babu abin da ya taɓa lalacewa a gidan sai da na daina fita ofis.

Sana'arta kunun aya, musamman da azumi. Aya, dabino, kwakwa, 'yar citta da kanumfari. A jiƙa, a kai markaɗe, a tace, a ɗura a gorunan roba, a jera a kula a danna ƙanƙara. Kafin a kira magariba yara sun dawo da kula wayam. Ni dai nawa sha ne, ban taɓa sa mata baki ba.

Wadda ta kunno wutar 'yata ce mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Mamana. Ilimin ƙananan halittu take karanta a jami'a, ta zo hutu. Muna zaune bayan sallar asham ta ce, "Abba, ka san ƙwayar bakteriya guda, idan ta samu ɗumi da abinci, tana iya rabewa biyu duk bayan minti 20?" Na ce to sai me? Ta ce in lissafa. Ni kuwa lissafi ne aikina har na bar gwamnati. Na ɗauko biro da bayan kalanda, na ninka, na sake ninkawa. Cikin awa 7 ƙwaya 1 ta haura miliyan 2. Na dubi gorunan Hajiya da ke tare a kwando a bakin famfo, na ji kunun da na sha ɗazu yana motsi a cikina.

Ta ƙara da cewa wani ɗan ƙasar Holan mai sayar da yadi, Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu da madubin ƙara girman abu da ya haɗa da hannunsa a shekarun 1670, daga baya har a dattin haƙoransa ya same su suna iyo. Na ce ashe ɗan kasuwa ne ma ya gano su, ba likita ba. In mai yadi zai iya, me zai hana tsohon akanta?

Washegari na sanar da Hajiya cewa daga yau wankin kayan kunu ya dawo hannuna. Ta kalle ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Alhaji." Duk mai iyali ya san akwai "Allah ya ba da sa'a" ta addu'a, akwai kuma ta a zuba ido. Wannan ta biyun ce.

Na fara da tafasasshen ruwa, domin na ji an ce zafi ne maganinsu. Na tafasa babbar tukunya, na jera goruna a baho, na sheƙa musu. Kafin in ajiye tukunyar sun fara ƙara suna lanƙwashewa. Mai tsawo ta koma gajera, mai ƙugu ta yi doro, wata bakinta ya karkace har murfi ya ƙi zama. Ashe irin wannan robar ta ruwan sha ba ta jure zafin da ya wuce digiri 70 ko kusa da haka, ruwa kuwa sai ya kai 100 yake tafasa. Babu wanda ya rubuta wannan a jikin gorar, abin da ni nake ganin sakaci ne daga masu yin ta. Waɗanda ba su mutu gaba ɗaya ba na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, na kafa baki na hura musu iska har suka ɗan miƙe. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Sai jarkar da ake tara kunun kafin a ɗura. Na leƙa cikinta na ga wani dishi-dishi a ƙasa, na ce yau asirinku ya tonu. Na ɗaura soson ƙarfe a bakin muciya, na zura, na dirje ta har zufa ta jiƙa mini riga, ga azumi a bakina. Ta fito fes. Mamana ta zo wucewa ta haska cikin da fitilar waya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Abba, gidaje ka gina musu." Wai soson ƙarfe yana karce roba, kuma cikin wannan karcen ne ƙwayoyin ke maƙalewa su lulluɓe kansu da wani yauƙi da ruwan omo ba ya cirewa. Roba soso mai laushi take so. Na ce mata ai da sai ta faɗa tun farko. Ta ce ban tambaya ba. 'Ya'yan zamani ke nan, ka biya kuɗin makaranta, amma ilimin sai an roƙa.

Daga nan muka shiga babin bilic. Ta yi mini bayani dalla-dalla cewa wanki daban, kashe ƙwayoyi daban: a fara wanke datti da omo, domin bilic ba ya aiki sosai a kan abin da ke da sauran maiƙo ko gari, sannan a jiƙa a ruwan bilic, babban cokali 1 a wajen lita 4 na ruwa, a bari ya ɗan jima, a ɗauraye da ruwa mai tsafta, a kife su bushe da kansu, ban da goge su da tsumma. Ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura in haɗa bilic da ruwan khal ko wani abu mai tsami, domin iskar da ke tashi daga nan guba ce. Duk na ji. Sai dai cokali 1 a kan maƙiya miliyan 2 bai yi mini kama da adalci ba. Na tuttula rabin kwalba.

Kunun ranar, duk wanda ya kurɓa sai ya waiga ya ga ko a asibiti yake. Wata maƙwabciya ta aiko yaro da gorarta, wai a gaishe da Hajiya, a tambaye ta ko kunun na sha ne ko na wankin farin kaya. Hajiya ta mayar da kuɗin, ta juyo ta ce, "Alhaji, ƙaramin sani ƙuƙumi ne." Na ce gyara ai ba ya zuwa rana ɗaya.

A ranar da abin ya faru, komai na yi shi yadda Mamana ta tsara. Har wajen mai markaɗe na bi yara, na tsaya a kansa sai da ya wanke injin a gabana, domin na ga ɓurɓushin wake da tattasai a bakinsa. Ya wanke yana gunaguni, mata na layi suna yi mini kallon wanda ya zo raba gado ba a gayyace shi ba. Aka tace da sabon ƙyalle, aka ɗura tun da hantsi. Sai wuta ta ɗauke.

Hajiya ta ce a aika a sayo ƙanƙara. Na ce a dakata. Wa ya san da wane ruwa aka yi wannan ƙanƙarar? Na rijiya ne, na kwata ne? Bayan duk wahalar da na sha, in ɗauki goruna masu tsarki in tsoma su a ruwan da ban san asalinsa ba? Ta ce ai a jikin gora take zama, ba a ciki ba. Na ce ƙwayar cuta ba ta san wannan iyakar ba. Na murɗe murafan tamau yadda ko iska ba za ta shiga ba, na jera su a sito, na ja ƙofa. Watan Afrilu ne a Kano, zafi ya haura digiri 40, siton kuma rufin kwano ne ba silin. Hajiya ta ce ba za ta sayar wa kowa wannan ba, ta shige ɗaki. Na ce ba komai, sadaka ta fi ciniki, gobe sai in kai masallaci a yi buɗa-baki.

Washegari da yamma na tarar da gorunan sun yi tauri, har masu doron nan sun miƙe sambal. Raina ya yi fari, na ce ga amfanin tsafta nan, har roba ta warke. Na loda su a kwando na kai ƙofar masallaci, na ajiye a gaban liman da kaina.

Ladan ya yi kira, aka ci dabino. Liman ya miƙa hannu ya ɗauki gora, ya murɗa. Ba na jin zan manta wannan ƙarar. Murfin ya yi sama ya bugi kwanon rumfa, kumfa ta biyo shi ta wanke wa Malam rawani da gemu, ta sauka a kan na'ibi. Wani dattijo da ya taɓa aikin soja ya kwanta rub da ciki. Ragowar da ke cikin gorar da aka karkata ta, sai ta zubo tana jan zare. Sannan warin ya iso sahu na biyu.

Malam ya goge fuska da gefen rawani, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, wannan kunun ya girmi shekarunsa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, jiya-jiya aka yi shi."

Wani matashi daga baya ya ce shi ya yi hidimar ƙasa a wani gari inda ake dafa burukutu a bayan makarantarsu, kuma wallahi ƙamshin bai yi nisa da wannan ba. Wani ya ce a yi a hankali kada Hisbah ta ji labari, a zo da motar da ke take kwalabe. Malam ya ce kada kowa ya sha, a zubar. Zubarwar ma sai da aka samu masu ƙarfin hali, kowa ya riƙe gora nesa da jikinsa ya juya fuska gabas.

A gida Mamana ta yi dariya har da riƙe bango, sannan ta yi mini karatu. Kunun aya ba a dafa shi. Ayar daga ƙasa ake tono ta, dabinon ma akwai yis a fatarsa, don haka ko an wanke gora da zamzam, masu aikin suna cikin kunun tun daga markaɗe. Sanyi ne kaɗai ke ɗaure musu hannu. Da suka samu zafi da sukari, yis ya cinye sukarin ya fitar da barasa da iskar da ta kumbura gorunan, bakteriyar tsami irin ta nono ta yi nata, wata kuma ta saƙa yauƙin. Ta ce wannan shi ne abin da Louis Pasteur na Faransa ya nuna tun wajen 1857, cewa halittu masu rai ne ke kawo tsami da tashin abin sha. Da na ƙara kwanaki na bar murfin a buɗe, in ji ta, da wasu sun mayar da shi khal.

"Ga kuma gorunan da ka hura da baki," ta ce.

Na ce wa ya gaya mata? Ta nuna autanmu, wanda ya ɗauki abin a waya tun ranar, kuma ya riga ya tura wa dangin uwarsa.

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa mai markaɗen nan bai wanke can cikin injin ba, kuma zan ci gaba da bincike. Hajiya ta karɓe omo da soso da kwalbar bilic ta kulle a kabad. Amma ba ta kore ni daga sana'ar ba, ta ba ni muƙami: ni ne mai sayo ƙanƙara. Da na je na tambayi mai ƙanƙarar da wane ruwa yake yi, sai ya dube ni ya ce, "Baba, ba kai ne na masallaci ba?"