Ƙannena 'yan ajin farko, ku karanta jikin mutum don ranar da za ku riƙe allura

Assalamu alaikum. Da ku nake, ƙannena maza da mata da Allah ya ba nasara a konkur, wato jarrabawar shiga makaranta, bana, ko kuna tsangayar likitanci a Garwa, ko makarantar koyon jinya da unguwar zoma, ko kuma kun haura Ngaundere da Yawunde. Allah ya sanya albarka. Yayyenmu na farko da suka so karatun likita a ƙasar nan ta Kamaru sai da suka dangana da Yawunde, inda aka buɗe makarantar likitoci a 1969. Yau Garwa na da jami'arta tun 2022, ɗan Marwa ko Kusiri ba sai ya ƙetare ƙasa kacokan ba. Kun samu sauƙin da wasu ba su samu ba, shi ya sa nake ganin ina da bakin yi muku faɗa.

A zangon farko za a ɗora muku darussa biyu masu nauyi. Anatomi shi ne sanin ginin jiki: mene ne wannan, ina yake, me ke gabansa, me ke bayansa. Fiziyoloji kuwa sanin yadda kayan nan suke aiki ne. Abin da nake gani kowace shekara shi ne yaro ya tara fotokofi, ya nemo tambayoyin bara da na bara waccan, ya bar su cikin jaka har saura mako guda a yi jarrabawa, sannan ya kwana uku yana haɗiya da shayi. Wasu ma ba sa ko wannan wahalar, suna zaune suna jiran abin da 'yan makaranta ke kira "ruwa", wato tambayoyin da aka sato. To ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai jiran ruwa ya sani cewa ba malaminsa yake cuta ba.

Ba raina hadda nake yi ba. Mu da muka tashi a makarantar allo muna da wata baiwa a nan, kuma za ta yi muku rana, domin akwai abin da dole sai an haddace: ƙasusuwa 206 na baligi, haƙarƙari 12 a kowane gefe, jijiyoyin da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa 12 dama da hagu, gaɓoɓin ƙashin baya 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu. Ku haddace su sarai. Amma wanda ya tsaya a hadda kaɗai tamkar yaron mota ne da ya iya jero Pitowa da Figil da duk garuruwan da ke tsakanin Garwa da Marwa, alhali bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Bari in ɗauki abu guda da za a ba ku a layi biyu cikin littafi. Akwai babbar jijiyar motsi da ji da ke tasowa daga ƙasan laka, ta ratsa ta cikin ɗuwawu, ta gangara bayan cinya, ta rabu biyu kusa da bayan gwiwa, rassanta su kai har yatsun ƙafa. Ita ce mafi kauri a jikin mutum, ta kai kaurin babban yatsa. A jarrabawa za a ce ku faɗi inda ta taso da tsokokin da take motsawa, maki biyu ko uku ke nan. A asibiti kuwa lissafin ya sha bamban. Idan mai allura ya soka a tsakiyar ɗuwawu ko ƙasa-ƙasa, zai iya samun jijiyar nan, musamman a jikin yaron da zazzaɓi ya ramar. Yaron ya warke daga zazzaɓin cizon sauro, amma ƙafa ta saki, ba ya iya ɗaga tafinta, sai dai ya riƙa jan ta a ƙasa, wani lokaci har ƙarshen rayuwarsa. Allurar kwinin a ɗuwawu ta nakasa yara da yawa a Afirka ta wannan hanyar, har a wasu gidajen a ce shan inna ne ko aikin iska. Saboda haka ne ake koya muku ku raba ɗuwawu gida huɗu ku soka a na sama ta waje, jarirai da ƙananan yara kuma a yi musu a cinya, ta gaba daga gefen waje. Wanda ya zana jijiyar nan da hannunsa, ya san ta ina ta bi, ko cikin dare aka tashe shi da fitilar waya ba zai soka a inda bai dace ba. Wanda ya kwafa a jarrabawa fa? Shi ma za a miƙa masa sirinji, kuma uwar yaron ba za ta tambaye shi yadda ya ci jarrabawa ba.

Haka abin yake ko'ina kuka duba. Maƙogwaro ya rabu biyu a cikin ƙirji, reshen dama ya fi na hagu faɗi kuma ya fi miƙewa ƙasa, shi ya sa ƙwayar gyaɗar da ta shaƙe yaro ta fi faɗawa huhun dama. A ƙasar da kowane gida ke ɓarar gyaɗa da kaka, wannan ba ƙaramin sani ba ne. Mu kuma muna cikin yankin sanƙarau, wanda ya miƙa daga Sanagal har Habasha, kuma idan zafi da ƙura suka shigo za ku ga ana ɗibar ruwan baya don gwaji. Me ya sa ake soka allurar a ƙasan ƙugu ba a sama ba? Domin laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba, a baligi ta tsaya wajen gaɓar ƙugu ta ɗaya ko ta biyu, sai a shiga tsakanin ta uku da ta huɗu ko ta huɗu da ta biyar. A jariri kuwa ta fi haka saukowa, dole a ƙara yin ƙasa.

Fiziyoloji ma ya fi ƙin hadda, don shi gaba ɗayansa "me ya sa" ne. Ƙodojinku biyu na tace wajen lita 180 na ruwan jini cikin awa 24, amma fitsarin da ke fita wajen lita ɗaya da rabi ne kawai, sauran duk ana mayar da shi cikin jini. Kar ku wuce wannan adadi da sauri. Ku tuna watan Afrilu a Garwa, rana ta haura digiri 40, ga mutum da azumi a baki yana gumi. Ruwan jikinsa ya ragu, jini ya ƙara gishiri, ƙwaƙwalwa ta ji, sai wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinta ya saki sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ne fitsarin la'asar ke fita kaɗan kuma ja-ja. Duk wanda ya taɓa azumi da bazara ya ga wannan babin a jikinsa kafin ya gan shi a takarda, saura kawai ya haɗa su.

Sannan ku ɗauki kwalara, wadda ta yi mana ɓarna a yankin Arewa Mai Nisa a 2010. Gubar ƙwayar cutar kan sa hanji ya riƙa zubo da gishiri da ruwa, har mai tsanani ya iya rasa lita guda cikin awa. Amma akwai wata ƙofa a bangon ƙaramin hanji da gubar ba ta lalatawa, wadda ke shigar da gishiri tare da sukari, ruwa ya biyo su. A kan wannan sanin aka gina ruwan gishiri da sukari, wanda aka ga amfaninsa ƙarara a sansanonin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash a 1971. In babu ƙunshin asibiti, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ɗalibin da ya fahimci ƙofar nan zai iya gaya wa uwa dalilin da ya sa ba a cika sukari don yaro ya ji daɗin sha: idan ya yi yawa, shi ke janyo ruwa zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru. Wanda ya haddace "shida da rabi" kawai, da uwar ta ce masa ai ba ya sha sai da zaƙi, zai ce to a ƙara.

Na san kukan da za ku yi: aji ya cika, kwarangwal ɗin roba guda ɗaya ne, wuta tana ɗaukewa, littafi mai hoto yana da tsada. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma kowannenku yana yawo da ƙasusuwa 206. Sunkuyar da kai ka shafa bayan wuyanka, ƙashin da ya fi tsini shi ne gaɓar wuya ta bakwai. Ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannu ta gefen babban yatsa ka ƙirga bugun, sannan ka hau bene da gudu ka sake ƙirgawa, ka tambayi kanka wa ya gaya wa zuciya ta ƙara sauri. Ku kuma yi abota da mahauta. Ku je kwata da sassafe, ku sayi zuciyar rago, ku tsaga ta ku ga ɗakuna huɗu, ku ga yadda bangon ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama kauri wajen sau uku, don shi ke tura jini ga jiki duka, na dama kuwa huhu kaɗai yake kai wa. Ranar Layya, kafin kayan ciki su shiga kasko, ku nemi iznin Baba ku hura huhun ta maƙogwaro ku ga yadda yake kumbura. Gani ya kori ji.

Sai dai a kula, rago ba mutum ba ne. Tumbinsa gida huɗu ne, naku ɗaya. Ƙodar saniya gunduwa-gunduwa take, ta mutum sumul. Babban likitan zamanin Rumawa, Jalinus, dabbobi ya fi feɗewa, birai da aladu, kuma aka bi kurakuransa fiye da shekara dubu saboda ba mai dubawa da idonsa. Ibnun Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya ce babu wasu ƙofofi a bangon da ya raba zuciya dama da hagu, jini ta huhu yake zagayawa. Sai a 1543 Besaliyus ya fitar da littafinsa bayan ya duba gawar mutum da kansa, ya nuna cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba. Fotokofin da ke hannunku ma mutum ne ya rubuta, wani ya kwafa, wani ya sake kwafa. In kun ga ya saɓa da zanen littafi, ku ɗaga hannu ku tambayi malam cikin ladabi. Za ku ma tarar tsofaffin malaman asibiti na kiran wasu ƙasusuwa da tsofaffin sunayensu na Faransanci, littattafan yanzu kuma da sababbi, ku riƙe duka biyun kar a ruɗa ku ranar staj, wato lokacin koyon aiki a asibiti.

Ku yi zane, ko da bai yi kyau ba. Ku rufe littafi ku zana zagayen jini daga ka, ku buɗe ku ga abin da kuka tsallake, bayan kwana uku ku sake. Wanda ya fi wannan kuma, ku samu ƙani ko Inna ku bayyana mata da Hausa ko Fulatanci dalilin da ya sa saifar yaro ke kumbura idan zazzaɓi ya yawaita kama shi. Inda harshenku ya sarƙe, nan ne ba ku gane ba, Faransanci ne ya rufa muku asiri. Kuma marasa lafiyar da za ku duba a Gidar ko Yagwa da waɗannan harsunan za su yi muku bayani.

Akwai maganar kunya. Idan aka zo babin mahaifa da al'aura, wasu 'yan mata kan sunkuyar da kai, wasu samari kuma su riƙa ƙus-ƙus a bayan aji. Dukansu ba su kyauta ba. Ƙanwata, matar da za ta zo da naƙuda mai tsawo daga ƙauye ke take fatan samu, domin sau da yawa mijinta ba zai yarda namiji ya duba ta ba, kuma ba za ki taimake ta ba idan kin tsallake darasin ƙashin ƙugu. Kunyar da ake so ita ce ta rufe jikin mara lafiya, a buɗe wurin da ake dubawa kaɗai, a nemi izni kafin a taɓa. Idan kuma aka kai ku gaban gawa ko ƙashin mutum na gaske, ku tuna ɗan wani ne. Hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Wayoyinku su zauna a aljihu. Hoton gawa ko na mara lafiya a WhatsApp cin amana ne, ko da an rufe fuska.

Za ku je hutu a fara kiran ku Likita, Gwaggo ta miƙo muku takardar gwaji, maƙwabci ya ce a yi wa ɗansa allurar da ya sayo a kasuwa. Kar daɗin sunan ya kwashe ku. Ku ce masa: "Baba, ban kai nan ba tukuna, amma tashi mu je asibiti, ni zan raka ku in yi muku tafinta." Ku tafi tare, ku tsaya kusa da mai allurar, ku lura da inda ya soka.