Ƙuri'ar daliget daban, ta manomi daban

Da zarar wata jam'iyya ta fidda gwaninta na takarar shugaban ƙasa, sai Facebook da zaurukan WhatsApp su kaure da musu. Wannan ya ce an gama zaɓe, rantsuwa kawai ake jira, wancan ya ɗauko taswira ya raba jihohi 36 kamar mai rabon gado. Musun ya daina tsayawa a birni. A ƙauyukanmu na yankin Haɗeja, yaro zai karɓo wayarsa daga shagon mai caji, ya zauna a teburin mai shayi yana karanta wa dattawa abin da aka rubuto daga Kano da Abuja. Ba na ƙin wannan, wayewa ce. Abin da ke damuna shi ne yadda ake auna farin jinin ɗan takara da ƙuri'ar daliget.

A tuna da 2022. Ranar 28 ga Mayu Atiku Abubakar ya samu tikitin PDP da ƙuri'a 371, Nyesom Wike na biye da 237, bayan Aminu Tambuwal ya janye wa Atiku. A watan Yuni Bola Tinubu ya samu tikitin APC da ƙuri'a 1,271 a dandalin Eagle Square, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, kuma gwamnan Jigawa na lokacin, Badaru Abubakar, yana cikin waɗanda suka janye wa Tinubu. To su wa suka kaɗa waɗannan ƙuri'u? APC ta ɗauki wakilai uku daga kowace ƙaramar hukuma, PDP ta ɗauki ɗaya. Jigawa mai ƙananan hukumomi 27 da masu rajista sama da miliyan 2, mutum 81 ne suka yi magana da yawunta a APC, 27 a PDP. Manomin shinkafa a Auyo bai san sunan wakilinsa ba, balle a tambaye shi wa yake so. Fom ɗin takara kuwa naira miliyan 100 APC ta sayar da shi, tun daga nan an san irin mutanen da aka buɗe wa ƙofa.

Da ranar 25 ga Fabrairu 2023 ta zo, sai lissafin ya sha bamban. A Kano, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP, wanda ba a ɓata dare ana ƙirga wakilansa a talabijin ba, ya kwashe 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716. A Jigawa, inda 'yan APC suka yi ta cewa gida ne, tazarar Tinubu da Atiku ba ta kai 35,000 ba.

Masu cewa surutun intanet iska ne su ma su sassauta. Haka aka riƙa yi wa magoya bayan Peter Obi dariya, ana cewa babu rumfar zaɓe a waya, sai ga shi da ƙuri'a sama da miliyan 6, har ya kayar da Tinubu a Legas. Amma shi wannan Obin bai samu 2,000 ba a duk faɗin Jigawa. Wayarka tana nuna maka ra'ayin waɗanda kake bi ne, kuma matar da ke surfe a Kafin Hausa ba ta cikinsu.

Wasu za su ce maganin abin shi ne ƙato bayan ƙato, kowane ɗan jam'iyya ya shiga layi. Ina goyon bayan haka a kan a tara mutum ɗari a otal, amma ba zan rufe ido ba. A 2018 APC ta sanar da cewa Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 2.9 a zaɓen fidda gwani a Kano. Bayan 'yan watanni, a babban zaɓen 2019, da 'yan jam'iyya da waɗanda ba 'yan jam'iyya ba, abin da ya samu a jihar bai kai miliyan 1.5 ba. Idan babu sahihiyar rajistar mambobi, layin ma a takarda ake rubuta shi.

Akwai adadin da masu musu ba sa son taɓawa. Cikin masu rajista miliyan 93, waɗanda suka fita a 2023 ba su kai miliyan 25 ba. A Kano masu rajista sun kusa miliyan 6, waɗanda suka kaɗa ba su kai miliyan 2 ba. Wahalar canjin kuɗi ta taimaka, gaskiya ne, mutane sun kwana a layin banki. Sai dai akwai gajiya ma. Na ji wani dattijo ya katse jikansa yana tsaka da karanta hasashen wanda zai ci. "Kai yaro, a cikinsu wa ya yi maganar taki?" Yaron ya duba wayar ya ce, "Baba, ba su rubuta ba."

Tambayar tana da nauyi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, mai noman rani yana lissafin litar da injin ban ruwansa zai sha kafin ya lissafa iri. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje daga Ringim zuwa Haɗeja, kachala kuma tana nan ta toshe hanyoyin ruwa. Waɗannan su ne za su sa mutum ya fito ko ya yi zamansa. Ba kuma ina wanke ƙauye ba ne: taliya da sabulu da turmin atamfa suna aiki a daren zaɓe, kowa ya sani. Suna aiki ne saboda ba a kawo wa mutane wani abin da ya fi su ba.

Shi ya sa nake roƙon samarinmu masu waya su rage zana taswira su je taron jam'iyya na mazaɓa, inda ake tsayar da shugabanni da wakilai, wanda galibi mutum biyar ke gamawa a soron wani babba. Su nemi a karanta sunayen a bainar jama'a. Su zagaya gida-gida su ga wa ya cika shekara 18 bai yi rajista ba, wace ce katinta ke kwance a ofishin INEC na ƙaramar hukuma tun bara ba ta karɓa ba.