Da me kake gini, ɗan'uwa?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, na cikin garin Katsina da na Malumfashi da Kafur da Funtua, da duk inda wannan saƙo ya riske ku.

Akwai maganar da ba ta rabuwa da bakinmu: "Ai ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba." Gaskiya ce tsantsa, haka Bulus ya rubuta wa Afisawa a sura 2, aya 8 da 9. To me ya sa muke rufe Littafin kafin mu kai aya ta 10? Can ne ya ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya mu yi. Wasunmu sun mai da alheri wurin fakewa. A ci amana ran Talata, a zo ran Lahadi a ɗaga hannu ana waƙa, wai jinin Yesu ya wanke.

Ku dubi ikkilisiyar Koranti. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a garin yana koya musu Maganar Allah. Da ya rubuto musu wasiƙa, tun a aya ta 2 ya kira su tsarkaka. Su wa? Mutanen da suka rabu gida-gida, wannan na Bulus, wancan na wani mai wa'azi Afolos. Masu maka juna a kotu. Har da masu buguwa a wurin jibin Ubangiji, talaka na gefe da yunwa. Bai janye sunan ba, domin Almasihu ne ya saya musu shi da jininsa. Amma bai ƙyale su ba, sura bayan sura yana tsawata musu. Keɓewar da Allah ya yi maka ran da ka ba da gaskiya, an gama ta. Gyaran halinka kuwa aiki ne da Ruhu Mai Tsarki yake yi kullum har ranar da za a kai ka makwanci, kuma ba ya yin sa kana kwance kana minshari. Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa biyun: ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku.

Ina ake ganin wannan tsarki? A gindin tiya. Kai mai awo, ka san wadda ka bubbuga wa gindi ta lotsa ciki, da ita kake sayarwa, ka kuma san mai zurfin da kake ɓoyewa bayan buhu don ranar saye. Ke mama, kin kwashi adashe tun zagayen farko, yanzu zubi ya zo kanki, wayarki kullum a kashe, amma anko na zumuntar mata bai taɓa wuce ki ba. Kai matashin ƙungiyar mawaƙa, abin da kake kallo a waya bayan an kashe fitila fa? Maƙwabcinka Musulmi bai taɓa taka ƙofar majami'a ba, amma ya san sarai wa ke biyan bashi a unguwa, wa ke sauya hanya in ya hango mai kanti.

Sai batun lada, wanda muka fi ruɗewa a kai. A 1 Korantiyawa 3:11-15 Bulus ya ce harsashi ɗaya ne, Yesu Almasihu, ba mai sa wani. A kansa kowa yake gini: wani da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, wani da itace da ciyawa da kara. Ranar shari'a wuta za ta gwada aikin kowa. Mu da muka san hunturun Katsina ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tartsatsi ɗaya daga murhu ya faɗa kan dangar kara, iska na kaɗawa, kafin a ɗebo ruwa sai toka. Wanda aikinsa ya tsaya zai karɓi lada. Wanda nasa ya ƙone, Bulus bai ce ya hallaka ba. Zai tsira, amma kamar wanda ya kuɓuto ta cikin wuta, hannu rabbana. Shekara arba'in a ikkilisiya, a tarar duk kara ne!

Abin da ya fi ba ni tsoro, kara yana da tsayi, daga nesa ake hango shi. Ranar godiyar kaka a kira sunanka da adadin buhunan da ka kawo, a yi tafi, a buga ganga. Ba laifi ba ne ka bayar, amma in tafin ka zo nema, Yesu ya faɗa a Matiyu sura 6 cewa irin waɗannan sun riga sun karɓi ladansu. Shi ke nan, an biya ka a nan. Shi ne kuma ya ce a Matiyu 10:42 ko kofin ruwan sanyi aka ba ɗaya daga cikin ƙananan nan domin shi almajiri ne, ladan ba zai ɓata ba. Ku tuna Babbar Ruga, nan bayan garin Katsina, inda mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta kama aikin jinyar kutare tun shekarun 1930. Hannuwa nawa suka wanke gyambo a wurin, suka ɗaure, gobe suka kwance suka sake wankewa? Ba a kira sunayensu a lasifika ba. Amma za su bayyana a gaban kursiyin shari'ar Almasihu da 2 Korantiyawa 5:10 ta ambata, inda mu ma dukanmu za mu tsaya, da Rabaran da mai sharar ɗakin sujada.

Kafin Lahadin jibin Ubangiji mai zuwa, ka karanta Matiyu 5:23-24. In ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ajiye shi, je ku shirya tukuna. Mai bin ka bashi, ka je har gida ko da rabin kuɗin ne, ka faɗa masa ranar cikon. Lotsattsiyar tiyar nan kuma, kada ta sake bin ka kasuwa.