Karo-karon sayen shinkafar ɓera: ba da kuɗina ba

Makon jiya, bayan sallar isha'i, ƙungiyar unguwarmu a nan Bauchi ta yi zama a ƙofar gidan mai unguwa. Abin da aka tsayar shi ne kowane gida ya kawo naira 2,000, a je kasuwa a sayo maganin ɓera mai yawa, a raba, ranar Asabar da daddare kowa ya zuba a gidansa lokaci guda. Wai da haka za a gama da ɓerayen unguwa a dare ɗaya, a huta da fargabar zazzaɓin Lassa. Aka yi ta madalla. Da na ɗaga hannu na ce ban gamsu ba, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce da ni, "Malam, ɓera ai ba a lallashinsa, a kashe kawai." Na ce, "Haka ne, Baba," na yi shiru, don ba wurin ja-in-ja da manya ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, musamman da na ji cewa unguwannin da ke maƙwabtaka da mu su ma irin wannan shawara suke yi.

Tsoron da ya tara mu a wurin yana da dalili. Kowa ya san da zarar hunturu ya shigo, alƙaluman masu kamuwa da cutar na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, sukan fara hawa, kuma sunan Bauchi da Taraba ba ya fita daga sahun gaba, tare da Ondo da Edo. Cutar ma a ƙasarmu aka raɗa mata suna: a garin Lassa na jihar Borno aka fara gano ta a 1969, bayan ta kashe wasu ma'aikatan jinya biyu na mishan. Ba mu manta da watan Janairun 2020 ba, lokacin da likitoci biyu na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano suka rasu bayan sun ɗauke ta a bakin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga jinyarta sukan samu matsalar ji, kuma idan ta kama mace mai tsohon ciki, da wuya jaririn ya tsira. Wanda duk ya san wannan, ya kuma ji motsin ɓera a silin da tsakar dare, dole gabansa ya faɗi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda duk wannan tsoro yake ƙarewa a hannun mai tallan guba. Ku duba tashoshin mota da bakin kasuwa a wannan lokaci: baro cike da ƙulle-ƙulle, lasifika na ta kururuwa, ga busassun ɓeraye an rataye a sanda don shaida. Ƙullin leda ne babu suna, babu lambar NAFDAC, babu wanda zai gaya maka abin da ke ciki, shi kansa mai sayarwar bai sani ba. Shi ne za mu tara kuɗi mu sayo da yawa, mu barbaɗa a gidajen da yara ke rarrafe a ƙasa suna kai duk abin da suka tsinta baki.

A ajiye batun haɗarin tukuna, a tambayi ko dabarar ma tana aiki. Ɓeran da ke ɗauke da Lassa, wanda masana ke kira Mastomys, an san shi da yawan nonuwa, kuma ba banza aka halicce shi haka ba. Cikinsa bai fi mako uku da 'yan kwanaki ba, yakan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya, kuma kafin a ankara 'ya'yan sun isa haihuwa su ma. Ƙaramin ɓeran ɗaki da ke cinye mana littattafai da tufafi shi ma kwana ashirin ne kusan cikinsa. Ka kashe ɗari a daren Asabar, waɗanda suka rage sun sami abinci da ramuka babu abokin takara, sai haihuwa ta ƙaru. Na jeji da na juji kuma suna nan suna jiran gurbi. An gwada wannan aiki da tsari a ƙauyukan yankin Faranah na ƙasar Gini, inda masu bincike suka shekara huɗu suna sa guba a gidaje. Duk lokacin da aka sa, ɓeraye sukan ragu ƙwarai, bayan 'yan watanni kuma su dawo. Waɗannan mutane ne masu kuɗin aiki da ma'aikata da magani mai inganci. Mu da ƙullin leda da dare ɗaya me muke sa ran samu?

Sai abin da zai biyo bayan Asabar ɗin, wanda babu wanda ya tayar da shi a wurin taron. Ɓeran da ya ci guba ba ya zuwa ya mutu a inda kake so. Wani zai mutu a silin, wari ya hana kwana. Wani a bayan buhun masara, wani a bakin randa. Ranar Lahadi da safe wa zai kwashe su? Yara ne. Mu duka mun san haka. Za a ce wa ɗan shekara takwas ya ɗauka ya kai bola, ya kama wutsiya da hannu, ya dawo ya sa hannun a kwanon koko. Ƙwayar cutar Lassa a fitsarin ɓera da kashinsa da jininsa take. Ke nan a rana guda za mu sa yaran unguwa su taɓa gawar ɓeraye fiye da yadda za su taɓa a shekara, da sunan kare su daga cutar da ɓeran ke ɗauke da ita. Kaji za su tsattsagi ragowar, kyanwa ta ci mushen ta bi shi, mujiyar da ke rage mana su da daddare ita ma ta tafi.

Gubar kuma iri-iri ce, kuma jama'a ba sa bambancewa. Akwai mai tsinka jini, wadda ke ɗaukar kwanaki kafin ta kashe; idan yaro ya ci aka garzaya asibiti, akwai maganin da ke karya ta. Akwai mai kisan nan take, wadda ba ta ba da wannan dama. Mafi muni, akwai masu ɗauko ƙwayar adana hatsi, Phostoxin, wadda 'yan kasuwar wake ke kira bom, su jefa a ramin ɓera a cikin ɗakin kwana. Wannan ƙwaya da ta ji danshi take sakin iska mai guba, an yi ta ne don rufaffen sito da babu mai kwana a ciki, kuma ba ta da makari. Wasu kuma fiya-fiya ko Sniper suke kwaɓawa da abinci, alhali tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwannin yau da kullum saboda yadda yake cin rayuka. Kuma wanda duk ke sauraren labarai ya san sau nawa ake ambaton shinkafar ɓera a rikicin cikin gida da ya ƙare a kotu. Abin da ke ajiye a kan taga, ranar fushi shi hannu ke fara kai wa. Ban ga hikimar a ce ƙungiyar unguwa ce da kanta za ta shigar da shi kowane gida ba.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ke kawo ɓera gida uku ne: abinci, ruwa, da maɓoya. Ku shiga kowane gida a unguwarmu, har da nawa kafin in gyara, ku lissafa. Buhun hatsi jingine da bango a ƙasa, a ɗakin da ake kwana. Tuwon dare a kwano an ɗora faifai. Wanke-wanke ya kwana. Tsakanin ƙofa da daɓe akwai tazarar da hannu zai shiga, alhali ƙaramin ɓera ramin da fensir zai shiga ya ishe shi. Bakin kwata a buɗe, inda bango ya haɗu da kwano a buɗe. A waje kuma masara da rogo da barkono a shanye a gefen kwalta, su yini su kwana, ɓera ya bi ta kai ya yi fitsari, a kwashe a kai inji. Ga ƙona daji da rani, wanda ke koro na jeji su shigo gari, ga samarin da ke bin su da sanda suna gasawa. Wace guba ce za ta gyara ɗaya daga cikin waɗannan?

Abin mamaki, wannan ilimi muna da shi tun kafin a san wata cuta mai suna Lassa. A hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofofi, a kashe fitila lokacin kwanciya, ya kuma ambaci ɓera da cewa yakan ja lagwani ya ƙona mutanen gida. Gaskiya ne ɓera na cikin dabbobin da aka halatta kashewa ko a Harami, kuma ba na jayayya da kashe shi. Amma a dubi abin da umarnin ya ƙunsa: rufe abinci, rufe ruwa, rufe ƙofa. Yara suna haddace wannan a islamiyya, mu iyayensu mun bar shi a allo mun tafi wurin mai lasifika.

Akwai kuma wani rashin adalci da ke cikin wannan magana wanda ya kamata a faɗa. Duk sanarwar da ake yi a rediyo kan tsafta, mata ake nufi: ki share, ki rufe, ki wanke. A taronmu ma sai da wani ya ce ƙazantar mata ce ta jawo. To matar da ke zaune a ɗaki ɗaya na haya da 'ya'ya biyar, da buhun gero a ƙarƙashin gado don babu sito, da me za ta toshe bangon da ya tsage? Ita ce za ta sa silin? Ita ta haƙa kwatar da ta toshe shekara uku? Mai gidan haya yana karɓar kuɗinsa cif a kan lokaci, har da ƙari duk shekara, amma buhun siminti ɗaya na liƙe ramuka ya gagare shi, kuma babu hukumar da ke tambayarsa. Maigidan da ya ga ya dace ya canza waya bai ga ya dace ya sayi ganga mai murfi ta zuba hatsi ba. Sannan ga jujin da ke tsakiyar unguwa, wanda ya kusa kai tsayin katanga. Nan ne babban gidan ɓerayen, kowa ya sani, kuma kwashe shi aikin ƙaramar hukuma ne da hukumar tsaftar muhalli, ba aikin matan aure ba. Gaya wa talaka ya kashe ɓera ya fi wa gwamnati arha a kan ta turo mota ta kwashe shara, shi ya sa duk shekara wannan saƙon ake maimaita mana.

Manyanmu suna ba da labarin duba-gari, yadda idan aka ce ga shi nan tafe gida ke ruɗewa, a leƙa randa, a duba makewayi, a ci tarar wanda ya bar kwata ta cushe. Har yau akwai jami'an lafiyar muhalli a ma'aikatun ƙananan hukumomi, makarantun koyon aikin lafiya suna yaye su duk shekara. Yaushe rabon da wani ya ga ɗayansu a ƙofar gidansa? Ni dai tun da na tare a unguwar nan ban gani ba.

Na san za a kawo wasu hanyoyin. Masu cewa a ajiye kyanwa su tambayi masu kyanwar ko ɓera ya bar silin ɗinsu. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a soket wai ƙararta na korar ɓera asarar kuɗi ce, balle a unguwar da wuta ke yini ba ta zo ba. Masu cewa gwamnati ta riƙa biyan lada a kan kowane ɓera su nemi labarin birnin Hanoi na ƙasar Vietnam a 1902, inda Faransawa suka biya kuɗi a kan wutsiya, mutane suka koma yanke wutsiya su saki ɓeran, wasu har da kiwonsa. Masu jiran allurar rigakafi kuwa, ana kan gwaji, har a Abuja, amma babu wadda aka amince da ita tukuna, kuma ɓera ba zai jira ba.

Da za a ji tawa, kuɗin nan da za a tara siminti da raga da ƙyallen kwano za a saya, a ɗauki magini biyu su bi gida-gida suna liƙe ramuka da gyara ƙasan ƙofofi, a fara da gidajen zawarawa da na haya. Hatsi ya koma ganga ko durom mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa. Wanda ya riga ya shigo a kama shi da tarko, babba ya ɗauke shi da leda a hannu ya binne, a yayyafa ruwan bilic a kan kashinsa kafin a share don kada ƙura ta tashi. In har sai an sa guba, to mai rajista, a inda yaro da kaza ba za su kai ba, kuma bayan an toshe hanyoyin shiga. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kwana biyu zuwa uku a daina zagayen kemis da shi, a tafi asibiti a faɗi cewa akwai ɓeraye a gidan, domin maganin da ake bayarwa ya fi amfani idan an fara da wuri.

Na riga na sanar da ma'ajin ƙungiya cewa naira 2,000 ɗina ba za ta shiga asusun guba ba. Na ce masa ranar da aka tashi sayen siminti zan ba da ninkinta, kuma idan za a rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma kan jujin nan, ni zan rubuta, ni zan kai. Ya ce zai gabatar a zama na gaba, wanda za a yi bayan Asabar ɗin. Kafin nan na roƙi maƙwabtana na kusa abu ɗaya: ranar Lahadi da safe kada su aiki yaro ya kwashe mushe.